Daga Sabon Gari Zuwa Ɗanmagaji: Bin Sawun Man Gas a Zariya

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Zariya bayan kaka ya san titin na manyan motoci ne. Daga Giwa har Shika tireloli ne a jere, an lafta musu masara da waken suya har sun rankwafa, kowace tana tuƙo hayaƙi tana nishi a kan hawa. Mu da ke cikin ƙaramar mota sai haƙuri, direbanmu ya leƙa ya koma, ya sake leƙawa ya sake komawa. A kan cinyata akwai wani tsohon buhu, a cikinsa famfon mai da nozul na injin casar shinkafar yayana, an naɗe su da tsumma. Injin ya fara ne da tari da safe, ya koma baƙin hayaƙi, daga baya ya ƙi tashi sam, ga shi lokacin da mata ke layi da buhunan shanshera. Makanikin garinmu ya kwance ya duba, ya ce wannan aiki sai Sabon Garin Zariya inda suke da injin gwaji. Yaya ba zai iya barin wurin ba, ni kuwa ina da Kawu a cikin birni wanda na daɗe ban je gaishe shi ba. Shi ke nan aka ce tafiyar tawa ce.

Muka wuce asibitin Shika, muka ratsa Samaru da hayaniyar ɗalibai a bakin ƙofar jami'a, aka sauke ni a Kwangila. Daga nan na hau keke zuwa Sabon Gari.

Garejin da aka kwatanta mini yana cikin wani lungu da ƙasarsa ta zama baƙa ƙirin saboda mai. Maigidan wurin dattijo ne mai ƙarancin magana, yaransa na kiransa Oga. Bai tambaye ni abin da ke damun injin ba. Ya karɓi famfon, ya karkata shi a kan wata farar kwalba, ragowar man da ke ciki ya tsiyaye. Ya ajiye kwalbar a kan benci ya ci gaba da aikin da na tarar yana yi. Bayan ɗan lokaci ya ɗago ta ya nuna mini: man ya rabu biyu, ruwa ya kwanta a ƙasa da wani jan gari a cikinsa.

"Malam, a ina kuke shan gas?"

Na ce, "Yaron injin ne ke sayowa a wurin masu jarka, Oga. Ya fi sauƙi."

Ya ce, "To ai sauƙin ne ka ɗauko a buhu."

Yaransa suka yi dariya, ni ma na yi, don babu abin cewa. Daga nan ne bakinsa ya buɗe. Ya ce injin gas ba shi da fulogin da ke ba da wuta irin na injin fetur. Iska kawai yake zuƙa, fistin ya matse ta ninki goma sha shida zuwa ashirin, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke feso mai ta wasu ramuka da ido ke gani da ƙyar, man ya kama da kansa. Shi ya sa injin gas ke wahalar tashi da asubar hunturu, ƙarfen ya yi sanyi yana shanye zafin iskar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da ya ce famfon ba shi da wani abin da ke sa masa santsi sai man da ke bi ta cikinsa. Gas na kirki yana da maiƙo. In aka sirka shi da kananzir maiƙon ya ragu, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. In ruwa ya shiga, tsatsa ta biyo baya.

Ya ce gurɓataccen gas iri uku yake zuwa hannunsu: wanda aka sirka da kananzir lokacin da kananzir ke da araha, wanda ya kwana a tsohon duro ya sha ruwa da datti, da wanda aka dafa a daji. Na ukun shi ne na ɓarayin ɗanyen mai a yankin Neja Delta, masu fasa bututu su zuba a tankunan da aka yi wa walda, su hura wuta a ƙasa, su tari abin da ya tsiyayo. Ba ma'aunin zafi, ba wanke datti, ragowar kuma a kwarara ta cikin rafi. Hayaƙin irin wannan girki yana cikin abubuwan da ake ɗora wa alhakin baƙar ƙurar da ta riƙa sauka a kan Fatakwal tun daga 2016. Mai irin wannan yakan yi duhu, warinsa ya yi kauri, amma idan an haɗa shi da mai kyau a cikin jarka, wa zai gane?

Ya ce in dawo gobe da yamma.

Tun da rana ba ta yi nisa ba, na taka da ƙafa ta wajen tashar jirgin ƙasa. Sabon Gari kansa jirgin ne ya haife shi. Layin da ya isa Kano a 1911 ta nan ya bi, kuma daga nan reshen da ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tashi, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jiragen wancan zamani gawayin kwal na Inugu suke ci, sai a shekarun 1950 aka fara kawo kawunan da ke shan dizal, kwal ya ja baya. Yau tsofaffin taragai ne a tsaye, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki na kiwo. Kayan da waɗannan taragai suka saba ɗauka, auduga da gyaɗa da shanu da hatsi, su ne na baro a kan titin Giwa.

Da la'asar sakaliya na shiga birni ta Ƙofar Doka. Kawu yana zaune a zaure da rediyonsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi mini faɗan rashin zumunci daidai gwargwado. Kawu ya yi aiki a matatar mai ta Kaduna har ya yi ritaya, amma a iya sanina da shi ban taɓa tambayarsa abin da yake yi a can ba. A wurinmu yara, Kawu mai aikin mai ne, mai kawo tsarabar biredi, magana ta ƙare. Bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, janaretocin maƙwabta sun tashi, na ba shi labarin kwalbar Oga. Ya kashe rediyon.

Ya ce, "Kai ɗan nan, kun girma da injin niƙa a ƙofar gida, amma in aka tambaye ka daga ina man nan yake, sai ka ce daga gidan mai."

Na ce, "Allah ya ba Kawu haƙuri, ai daga Kudu yake."

"Kudu ina? A rijiya ake ɗebo shi da guga?"

Daga nan ya ɗauko zancen tun daga tushe, kuma na lura ya daɗe yana jiran wanda zai tambaye shi.

Ya ce asalin ɗanyen mai rai ne. Ƙananan halittun teku da ido ba ya gani, da gansakuka, da ganyaye da itatuwan da koguna suka kwaso, su ne suka mutu suka nutse cikin laka a inda babu iskar da za ta ruɓar da su. Laka ta hau laka, yashi ya hau yashi, shekaru miliyoyi suna wucewa, har abin ya nutse kilomita biyu zuwa huɗu a ƙarƙashin ƙasa. A can zafi yakan kai tsakanin digiri 60 da 120, kuma a wannan tsakani ne ragowar halittun ke narkewa su zama mai. In zafin ya wuce haka da yawa, iskar gas ake samu. Man ba ya zama inda aka haife shi, yana tsattsafowa sama ta cikin duwatsu har ya haɗu da wani shimfiɗaɗɗen dutse marar kafa ya tare shi. Ya ce kada in ɗauka tafki ne a ƙarƙashin ƙasa. Man yana maƙale ne a 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi, tare da ruwan gishiri a ƙasansa da iskar gas a samansa.

Sai ya yi murmushi ya ce kogin Kubanni na nan Zariya na zuba a Galma, Galma na zuba a kogin Kaduna, Kaduna na zuba a Kwara, Kwara kuma ita ta tara lakar da ta zama Neja Delta, don haka ƙasar gonakinmu ma tana da hannu. Wannan magana na sha jin ta a majalisu, wasu ma da gaske suke yin ta har da ɗaga murya. Kawu da wasa ya faɗe ta, kuma gara haka. Wanda aka ɓata wa ruwan sha da wurin kamun kifi shekara da shekaru ba zai ji daɗin a zo masa da lissafin laka ba.

A Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka fara samun mai mai yawa a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Matatar farko ta Fatakwal ta fara aiki a 1965, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sai sabuwar Fatakwal a 1989. In aka haɗa su huɗun, a takarda suna iya tace ganga 445,000 a rana, Kaduna na da 110,000 a ciki. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta. Lokacin da take aiki, ɗanyen man da take tacewa ta bututu yake zuwa tun daga Escravos, ya bi ta Warri, ya keta dazuzzuka da koguna fiye da kilomita 600 kafin ya iso hanyar Kachiya.

Na tambaye shi me ake zuba wa ɗanyen man ya zama gas. Ya ce tambayar da kowa ke yi ke nan, alhali a matakin farko ba a zuba komai, rabawa ake yi. Fetur da kananzir da gas da baƙin mai da kwalta duk suna cikin ɗanyen man a cakuɗe tun daga ƙarƙashin ƙasa. Dukkansu kabon ne da haidirojin, bambancinsu tsawon sarƙa. Ƙwayar fetur tana da kabon kamar biyar zuwa goma sha biyu a jere, ta gas kamar goma zuwa ashirin da 'yan kai, ta kwalta kuwa ta yi tsawon da ba ta ko son motsi. Gwargwadon tsawon sarƙar, gwargwadon zafin da take buƙata kafin ta tafasa. A kan wannan bambanci aka gina matata gaba ɗayanta.

Da farko ana wanke ɗanyen man da ruwa a cire gishiri da laka, don gishiri na cinye ƙarfe. Sannan a tura shi ta cikin bututan da suka ratsa tanderu, ya yi zafi har wajen digiri 350 zuwa 370, yawancinsa ya zama tururi. A haka yake shiga gindin wata doguwar hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita da dama, wadda aka jera wa farantai masu huji hawa-hawa a ciki. Gindin hasumiyar ya fi zafi, tana yin sanyi ana yin sama. Tururin yana hawa, kowane kashi in ya iso hawan da sanyinsa ya ishe shi sai ya koma ruwa ya kwanta a faranti, a janye shi ta gefe.

Ya ce, "Ka taɓa tsayawa ka kalli uwarka tana shiƙar gero? Tsaba mai nauyi a gabanta take zuba, ƙaiƙayi iska ta yi gaba da shi, tsakuwa kuma tana nan a gindin ƙwarya. To mu zafi ne iskarmu."

Can ƙololuwa iskar gas ta girki ke fita. Ƙasa da ita ruwan da ake sarrafawa ya zama fetur. Sai kananzir, wanda shi ne kuma ake ƙara gyarawa ya zama man jirgin sama irin wanda wasu jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan ke sha. Sai gas, mai tafasa tsakanin digiri 200 da 350. Abin da ya ƙi tashi ya kwanta a gindi, baƙi mai kauri. Shi ma ba a zubar da shi. Ana kai shi wata hasumiya da aka zuƙe wa iska, inda abu ke tafasa ba sai an kai shi zafin da zai ƙone ba, a sake tatso mai daga jikinsa. Wani kashin a kai shi sashen da ake farfasa dogayen sarƙoƙi da zafi da wani gari na musamman, su koma gajeru, a sami ƙarin fetur da gas. Ganga ɗaya lita 159 ce. A matatun Amurka takan ba da kusan lita 45 na dizal da lita 70 da wani abu na fetur, amma lissafin yana canzawa da irin ɗanyen man da irin matatar. Ɗanyen manmu na Forcados, in ji shi, an san shi a kasuwar duniya da yawan gas.

Wani abin da ban taɓa ji ba sai a daren: matatar Kaduna kashi biyu ce. Ɗaya na tace ɗanyen man gida don fetur da kananzir da gas. Ɗayan an gina shi don baƙin mai da kakin kyandir da kwalta, kuma ɗanyen manmu ya cika rashin kauri don wannan aiki, shi ya sa aka tsara a riƙa shigo da mai nauyi daga ƙasashe irin Benezuwela da Kuwaiti da Saudiyya. Ƙasa mai sayar da ɗanyen mai tana sayen ɗanyen mai, kuma da hujja.

Matar Kawu, wadda muke kira Umma, ta aiko da shayi. Ya kurɓa ya ce saura mataki ɗaya, wanda shi ne ya raba matata ta gaske da tukunyar daji: cire farar wuta. Kowane ɗanyen mai yana ɗauke da ita, namu kaɗan, na Gabas ta Tsakiya da yawa. In ta ƙone a inji sai ta fita a hayaƙi ta shiga ƙirjin mutane, wani kashin kuma ya haɗu da danshi ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Don a cire ta, ana haɗa gas ɗin da haidirojin a matsi mai ƙarfi da zafi fiye da digiri 300, a bi da shi ta kan wasu ƙwayoyi masu ɗauke da ƙarafa irin kobal da molibdinam. Farar wutar ta bar man ta bi haidirojin, ta fita a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita ma a kama ta a mayar da ita gari rawaya a sayar. A Turai tun 2009 doka ba ta yarda dizal na mota ya wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta ba. A nan an daɗe ana yarda da har 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai mai datti musamman don Afirka ta Yamma, saboda dokokinmu sun ba da ƙofa. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Na tuna hayaƙin da na shaƙa daga Giwa zuwa Shika, na yi shiru.

Ban tambaye shi me ya sa matatar ta daina aiki ba, shi ya kawo zancen da kansa, a taƙaice. Ya ce tacewa ba ita ce wahala ba, ilimin yana cikin littafi kuma 'yan ƙasa sun iya. Matata tana so a kashe ta duk bayan 'yan shekaru a kwance a gyara a mayar, tana so ɗanyen mai ya iso ta ba yankewa, tana so bututu ya kwana lafiya. In ɗaya ya faɗi sauran sun faɗi. A 2023 an rattaba hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kan gyaran gaggawa na kimanin dala miliyan 740. Ya faɗi adadin, ya kunna rediyonsa.

Washegari da hantsi na hau babur zuwa Ɗanmagaji, inda hanyar Kaduna ke shigowa gari, don in ga masu kawo man da idona. Tankoki ne da tireloli a gefen titi, yaran mota na wanki, masu shayi da masu faci na ciniki. Na zauna a teburin wani mai shayi kusa da wani direba mai furfura a gemu, wanda ya ce daga Legas ya yi lodi zai kai Kano. Na ce, "Sannu da hanya, Baba." Ya ce, "Yauwa ɗana, hanya kam an sha ta." Ya lissafa mini ita: Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jabba, Mokwa, sannan ka zaɓi wahalar da ta fi maka, ko ta Bida da Suleja ko ta Birnin Gwari. Tankarsa lita 45,000 take ɗauka, akwai masu 33,000. Kwanaki yake yi a hanya, kuma motar gas take sha. Wato kafin gas ya iso Zariya sai an ƙona gas an kawo shi, sannan motar ta koma Legas fayau, nan ma tana sha. Duk wannan yana cikin kuɗin litar da Yaya ke saya.

Ya ce shi dai ya fi son lodin gas a kan na fetur. Fetur ko a sanyi tururinsa na tashi, ƙyastu ɗaya ya isa. Gas kuwa sai ya yi zafi ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta. Ya ambaci Majiya ta jihar Jigawa, inda tankar fetur ta faɗi a watan Oktoba na 2024, mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum 150. Mai shayin ya ce Allah ya jiƙansu, muka amsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba haka aka tsara ba. Ƙasar nan tana da bututan mai fiye da kilomita 5,000 da aka shimfiɗa don kada tanka ta yi irin wannan tafiya. Layin da ya tashi daga matatar Kaduna ta Zariya ya bi, a nan akwai tashar tura mai, a nan ya rabu, reshe ɗaya ya nufi Kano ɗaya ya nufi Gusau. Wani layin ya bi ta Jos da Gombe har Maiduguri. Aikin tanka a wancan tsari shi ne ta ɗauka daga daffo mafi kusa ta kai gidan mai. Fasa bututu da rashin gyara da tsayawar matata suka mayar da bututun kan titi, titin kuma ya farfashe saboda nauyin da ba don shi aka yi shi ba.

Gas bai samu gata irin wanda fetur ya samu ba. An daɗe da sake shi ga kasuwa, tun shekaru da yawa kafin a cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, don haka duk abin da ya faru a duniya kai tsaye yake dukansa. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, lita ta tashi daga ƙasa da naira 400 zuwa wajen 800 cikin 'yan watanni. Da naira ta faɗi, ta haura 1,500 a farkon 2024. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal a farkon shekarar ta 2024, kuma kafin ƙarshen Afrilu farashin a bakin matatar ya sauko ƙasa da naira 1,000. An ji sauƙi, ba a musu. Sai dai Lekki na bakin teku, kusan kilomita 900 daga inda nake shan shayi, matatar Kaduna kuwa kusan 80. Mutane kan yi zancen fetur saboda shi suke saya da hannunsu, amma taraktar da ta yi huɗa, da tirelar da ta kawo taki, da injin da ya casa, da motar da ta kai kasuwa, da janareton gidan burodi da na turken waya da na ɗakin tiyata, duk gas suke sha. Wanda bai taɓa sayen lita ɗaya ba yana biyan kuɗinsa a kowane mudu.

Da yamma na biya Sabon Gari na karɓi famfon. Oga ya ɗora nozul a injin gwaji ya danna, ya fesa fari tas. Ya ce a wanke tanki, a canza filta, a sayi mai a gidan mai, in an zuba a duro a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kuma kada a ɗebo daga gindi.

Daga can na wuce Samaru, don Umma ta ba ni saƙo in kai wa 'yarsu da ke karatun injiniyan sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello. Taubashiyata ce, don haka tun daga nesa ta fara: "Baƙauye an shigo birni, an ga kwalta!" Na ce kwaltar ma yanzu na san daga gindin hasumiya take fitowa. Ta ce lallai Baba ya sami ɗalibi. Ta gaya mini a sashensu an taɓa harhaɗa 'yar ƙaramar matata ta gwaji mai tace ganga ɗaya a rana, don ɗalibai su ga abin da ido. Muna tafe ta gefen gonakin gwaji na cibiyar binciken aikin gona, inda ake fitar da irin gyaɗa na SAMNUT, sai ta ce ai gyaɗa ma tana cikin tarihin injin Yaya. Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a Faris a 1858, ya samu injinsa ya yi aiki sosai a 1897, kuma a babban baje kolin Faris na 1900 an nuna wani injin irin nasa yana aiki da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta so a gwada, tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka inda gyaɗa ke da yawa.

Ta ce har yau ana yin dizal daga man tsiro. A ɗauki man gyaɗa ko na waken suya ko manja ko na bini-da-zugu, a haɗa shi da wani sinadari mai suna metanol da 'yar soda irin ta masu sabulu, a ɗumama a juya. In ya kwanta sai ya rabu, gilisarin a ƙasa, man inji a sama. A wanke shi a busar, inji zai sha, shi kaɗai ko a sirke da na matata. Indunusiya da Birazil sun mayar da sirkin doka a gidajen mansu. A nan Basawa ma cibiyar binciken fasahar sinadarai ta yi aiki a kan irinsa.

Na dawo cikin birni da wannan labari da zafinsa. Muna cin tuwo na ce wa Kawu, tunda muna noma gyaɗa, me zai hana Yaya ya daina sayen gas ya koma matse mansa? Kawu ya ce in je kasuwar Tudun Wada da safe in tambayi kuɗin litar man gyaɗa, in tambayi na litar gas, sannan in zo mu yi maganar. Umma, wadda ke soya ƙuli-ƙuli na sayarwa tun kafin a haife ni, tana jin mu daga tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce man gyaɗa ya fi gas tsada nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ta kama ya doshi galan ɗinta da sunan injin casa, da muciya za ta raka shi har Funtuwa.